Buhun da Ya Zauna a Kujerar Ango

Kafin wani ya tsegunta muku, gara ku ji daga bakina: eh, ni ce Venera Zappulla, wadda mutanen garinmu Serracava suke kira matar buhu. Ku yi dariyarku, na saba. Har Fada Gaspare na cocinmu idan ya gan ni sai ya tambayi lafiyar maigidana, ya ƙara da cewa in kiyaye shi daga ɓera.

Ga inda abin ya samo asali. Duk shekara idan alkama ta fara nuna, ana rufe titin da ya tashi daga dandalin garinmu ya murɗa har ƙolin dutse, a yi tseren tsofaffin motoci. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, agogo ne alƙali. Motocin kujera biyu gare su. A zamanin kakanni bakanike ne yake zama a ta biyun, don mota takan mutu a hanya. Daga baya samari suka fara sauke bakanike suna ɗora 'yan matansu, har abin ya zama doka: direban da bai yi aure ba, duk wanda ya ɗora a kujerar nan ranar tsere, to gari ya shaida, baiko ya tabbata, babu janyewa. Wanda ba shi da kowa kuma sai ya ɗaura buhun alkama a wurin, saboda nauyi ya daidaita a kwana.

Tun da gwiwar Baba ta daina jure taka kuloci ni nake tuƙa motar gidanmu, kuma tun lokacin buhu nake ɗorawa. Bara 'yan tsokana har gashin baki suka zana masa.

Motar tamu ja ce, ƙarama, babu rufi, marigayi kakana Nino ne ya ƙera jikinta da guduma a kan kututturen zaitun. Barkono muke ce mata. Ina kwance a ƙarƙashinta ranar Alhamis da hantsi ina ɗaure salansa, sai na hango takalma masu tsini sun tsaya daidai kaina. Mama ba ta sa takalman nan sai da dalili.

"Fito," ta ce.

"Mama, ina aiki."

"Fito na ce, ko in jawo ki ta ƙafa. Likita Liborio mai gyaran haƙori zai ci abincin rana da mu."

"Haƙorin wa yake ciwo?"

"Nawa ne yake ciwo, saboda cizon leɓe da nake yi duk shekara a bainar jama'a. 'Yar Zina mai burodi ƙanwar bayanki ce, bara ta hau kujerar saurayinta, bana goyo gare ta. Ni kuwa sai a tare ni a kasuwa ana tambayata yaushe za a niƙa surukina. Venera, ki buɗe kunnenki: bana babu buhu. Ko Liborio ya zauna a kujerar nan ranar Lahadi, ko in ɓoye makullin motar a inda ko Fada ba zai gano ba."

Masu karatu, Mama ba ta barazanar banza. Ta taɓa ɓoye haƙoran robar Nonna, kakata kenan, har tsawon azumin Ista, don kawai ta hana ta cin alewa.

Haka na wanke baƙin mai da lemon tsami har yatsuna suka yi zafi, na sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni, Mama ta maƙala min 'yan kunnen murjani na Nonna, ta feshe ni da turare kamar ana kashe sauro.

In faɗi gaskiya, Liborio ba shi da laifi. Likitan haƙori ne daga Palermo, ɗan ƙawar Mama, dogo, mai tsabta, idan zai yi dariya sai ya rufe baki don kada a ce talla yake yi. Ya zo da cannoli, wani kayan zaƙi, cike da kwali, ya yabi taliyar Mama da soyayyen gauta har ta ƙara masa ba tare da ya nema ba. Matsalar ɗaya ce, zuciyata tana wani wurin, kuma wurin haramtacce ne a gidanmu.

Bayan abinci Baba ya ja shi gareji, kamar yadda yake jan kowane baƙo, ko da mai karanta mitar wuta ne.

"Durƙusa, Likita. Dubi nan."

A kwiɓin Barkono na dama akwai wurin da ya lotsa, faɗin tafin hannu, a tsakiyarsa ga zanen fenti rawaya. Tabon nan ya girme ni, ya kusa girme Baba.

"Santo Mirabile ne," in ji Baba, muryarsa na rawa kamar jiya abin ya faru. "A Kwanar Famfo. Motarsa ta tashi a bayan ta mahaifina, ya cim masa, maimakon ya jira fili sai ya banke shi ya wuce. Ga fentin motarsa nan, Kanari suke ce mata. Su kuma suna yawo suna cewa wai mahaifina ne ya tare hanya. Ƙarya! Ga shaida!"

"Kuma ba a taɓa gyarawa ba?" Liborio ya tambaya, yana shafa wurin da ɗan yatsa a hankali, irin shafar da yake wa haƙori mai kogo.

"Tun ranar," Baba ya ci gaba, ko sauraronsa bai yi ba, "ɗan Zappulla bai ƙara gaida ɗan Mirabile ba. A coci ma su hagu, mu dama."

Na sunkuyar da kai ina wasa da ɗan kunnena. Da Baba ya san wanda yake turo min saƙo a daidai lokacin, da ni zai lotsa.

Da Liborio zai tafi sai ya roƙi alfarma: a ba shi makullin gareji gobe Juma'a, zai kawo masu goge mota daga birni su sa Barkono ta yi ƙyalli, kyautarsa kenan. Mama ta miƙa masa makullin baki har kunne. Ni ko a jikina, hankalina yana kan wayata.

Ina shiga ɗaki na murza makulli. A wayata sunansa "Mai Taya", saboda Mama tana da ido. Sunansa na gaskiya Saro Mirabile, jikan Don Santo, kuma shi yake tuƙa Kanari. Mun fara ne da zagin juna a bakin layin tsere, ban san ranar da zagin ya juye ba.

Mai Taya: An ce an ga likita a gidanku da kwali. Allah ya sanya alheri, matar buhu. Kin yi wa Don Buhu saki kenan?

Ni: Ba wasa nake ba, Saro. Mama ta ce ko shi, ko ba tsere.

Mai Taya: To ki hau tawa kujerar mana. Na sha faɗa miki.

Ni: In bar Barkono a gareji? Motar kakana ba ta taɓa fashin tsere ba. Kuma in na hau Kanari, Baba zai ce an sace masa 'ya kamar yadda aka banke masa uba.

Mai Taya: To ya kike so a yi?

Na daɗe ina rubutawa ina gogewa.

Ni: Kai ka hau tawa.

Sai ga shi yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

Mai Taya: Kin san me kike nema? In bar Kanari ba direba, in zauna hannu a cinya a motar Zappulla, a gaban kakana yana riƙe da tutar sakin motoci?

Ni: Na sani. Abin da ka nema a wurina ne, na juyo maka da shi. Ina sonka, Saro, amma na gaji da son ɓoye a bayan shagon taya.

Alamar ya karanta ta fito. Amsa ba ta fito ba. Juma'a ta zo ta wuce, na je garin da ke maƙwabtaka da mu sayen man birki, ina duba waya a kowace kwana kamar mahaukaciya. Babu komai. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, na yi shi a motar haya har wata tsohuwa ta ba ni lemo.

Ranar Asabar da safe ake tura motoci zuwa ƙofar coci Fada ya yayyafa musu ruwan albarka. Ba a kunna inji, da hannu ake turawa, dangi duka. Muka taru a gareji, Baba da sabuwar hula, Nonna da sandarta, Mama ta sa Liborio a gaba kamar an riga an ɗaura. Barkono tana lulluɓe da farin zane.

"Bismillah ɗinku," Liborio ya ce a nasa salon, yana murmushi, ya yaye zanen.

Kai, motar ta yi kyau. Jan nan har ɗaukar ido yake. Baba ya zagaya ta hagu yana gyaɗa kai. Ya zagayo ta dama. Sai ya tsaya cak.

Kwiɓin Barkono sumul yake kamar kumatun jariri. Babu lotsawa, babu rawaya.

"Ina..." Baba ya shafa wurin. Ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya sake shafawa. "Ina tabona?"

"Shi ne ainihin kyautar, Don Tano," in ji Liborio, bawan Allah. "Na ga yadda yake ƙona maka rai, shekara da shekaru. Na kawo gwanin fanel-bita, ya buge shi ta ciki, ya haɗa fenti daidai da na asali. Ko da fitila ba za ka gane wurin ba."

Ban taɓa jin Baba ya yi irin wannan ƙarar ba. Tattabarun kan rufin maƙwabta sai da suka watse.

"Shaidata! Ya cire min shaida! Yanzu in Santo ya ce ƙarya nake, me zan nuna masa? Haƙorana? Graziella!" ya juya ga Mama, "wannan kika kawo min? Mutumin da in ya ga rami sai ya cike? Gobe in ya ga kabarin mahaifina shi ma sai ya shafe shi da siminti!"

"Tano, jama'a suna ji..."

"Su ji! Buhu ya fi shi! Shekarun nan duka buhun nan yana zama a motar, ya taɓa taɓa min tabo? Bai taɓa ba! Venera, ɗauko mijinki!"

Nonna kuwa ta zauna a kan tsohuwar taya tana dariya har da hawaye, haƙoran robarta suna ƙas-ƙas. "Fada ya yi wa'azi ya gaji," take cewa, "magajin gari ya yi sulhu ya gaji, ashe mai cire haƙori ake jira ya cire mana gaba."

Mama ta yi tsuru-tsuru.

Na bi Liborio waje, don ya ba ni tausayi. Na tarar da shi a jikin motarsa yana goge gilashin idonsa.

"Ka yi haƙuri, Likita. Mu nan haka muke."

"Ni zan ba ki haƙuri." Ya yi ajiyar zuciya, sai kuma ya yi dariya, wannan karon bai rufe baki ba. "In faɗa miki wani abu? Titin nan naku ko a bas na hau shi sai na yi amai. Tun da mamanki ta yi min maganar kujera nake shan magani." Ya buɗe ƙofa, ya waiwayo. "Af, ki gaida Mai Taya. Wayarki ta yi ta haske a kan tebur ranar Alhamis. Ni dai mai sayar min da taya bai taɓa turo min hoton zuciya ba."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

To, na tsira daga likita, amma murnata ragaggiya ce. A ƙofar coci na hango Saro yana tura Kanari da 'yan'uwansa, ko inda nake bai kalla ba. Na ce a raina, shi kenan, Venera, kin nemi abin da ya fi ƙarfin ɗan mutane.

Lahadi gari ya cika ya batse. Mutane a kan baranda, a kan katanga, a kan damman ciyawar da aka jera a kwanoni, ko'ina warin mai da ƙamshin gasasshen nama. Na sa farar rigar tsere ta kakana da Nonna ta rage min, da hular kwano, da jan ƙyalle a wuya. Na ɗaura Don Buhu a kujerarsa, na ja bel ɗin da ƙarfi har alkama ta yi ƙara. An sabunta masa gashin baki, an ƙara masa da gilashi.

"Amarya da ango!" wani ya yi ihu daga baranda. "Yaushe za a yi suna? Burodi za ta haifa ko taliya?"

Na ɗaga masa hannu ina murmushin yaƙe.

Mai sakin motoci shi ne direban da ya fi kowa tsufa a gari, wato Don Santo Mirabile. Yana tsaye a bakin layi da tutarsa, busasshen tsoho mai farin gashin baki, kusa da ƙafarsa ga gwangwanin fenti rawaya da burushin da aka ja layin da shi da safen nan. Motar gabana ta tashi. Na matso da Barkono har tayoyinta suka taɓa layi. A madubi ina ganin Kanari a bayana, injinta yana gurnani.

Sai gurnanin ya ɗauke.

Na sake duba madubi. Saro ya fito daga motarsa, hular kwano a kansa, yana tahowa ba gaggawa. Ya tsaya a damata, ya sunkuya, ya kwance bel ɗin buhu.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa buhun, "ka yi ƙoƙari. A ba wa na baya wuri."

Ya saɓa shi a kafaɗa, ya koma, ya zaunar da shi a kujerar direban Kanari, har da ɗaura masa bel. Sannan ya dawo ya tsallaka cikin Barkono ya zauna kusa da ni, ya ɗora hannuwansa a cinya.

Dandalin nan da ba a jin maganar juna sai ya yi tsit, har ana jin zubar ruwan famfo.

"Ba ka amsa saƙona ba," na ce, ban kalle shi ba, don in na kalle shi kuka zan yi.

"Wannan amsar ba ta shiga waya. Kuma tsoro nake ji, Venera. Tun da na koyi tuƙi ban taɓa bari wani ya tuƙa ni ba."

"Riƙe wancan ƙarfen."

Don Santo bai ɗaga tuta ba. Ya tako a hankali, ya zagayo ta dama, ya tsaya a kan jikansa.

"Rosario," ya kira shi da cikakken sunansa. "Ka san ma'anar kujerar nan?"

"Na sani, Kaka."

"Ka bar motar gidanmu a hannun buhu."

"Ba zai banki kowa ba, Kaka."

Wani ya fashe da dariya, ya yi saurin haɗiye ta. Tsohon ya kalle ni, kallon da ya sa na ji hular kwanona ta yi min nauyi. Sai idonsa ya sauka kan kwiɓin motar. Ya sunkuya. Ya shafa. Ya sake shafawa.

"Tano!" ya daka tsawa, kuma wannan ce kalmar farko da ya taɓa yi wa Baba. "Ina fentina?"

Baba ya kutso daga cikin jama'a fuskarsa ja kamar motar. "Fentinka? Tabona dai!"

"Fentina ne! Shi kaɗai ne shaidar cewa na wuce ubanka a Kwanar Famfo! Duk shekara sai na leƙa shi in ji daɗi. Wane mara mutuncin ne ya goge?"

"Wani likitan haƙori ne daga Palermo!"

"Daga Palermo! Ai dama!"

Suka tsaya suna huci, suna kallon juna, kowa ya rasa ta inda zai ci gaba da faɗan tunda ga shi sun haɗu a kan abokin gaba ɗaya. Don Santo ya yi tsaki, ya sunkuya ya tsoma burushi a gwangwani, ya zo ya ja zane rawaya, dogo, ɗanye, daidai inda tabon yake da.

"Motar Zappulla ba ta hawa dutsen nan babu fentin Mirabile a jikinta," ya ce. Ya koma bakin layi, ya ɗaga tuta. "Yarinya, jikana ne a gefenki. In kika kayar min da shi a Kwanar Famfo, ni da ke ne."

Tuta ta sauka.

Na saki kuloci, Barkono ta zabura. Abin da na gani na ƙarshe a madubi shi ne Mama ta dafe ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan kuma tana gyara gashinta saboda masu ɗaukar hoto. Na tuƙa motar nan kamar ban taɓa tuƙa ta ba. Saro ya fi buhu nauyi, ya kuma fi shi surutu, tun daga kwanar farko yake kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya, a Kwanar Famfo har da waɗanda babu su a kalanda. Ni kuwa dariya nake, hawaye suna taruwa a cikin gilashin hulata.

Ban ci tseren ba, kada ku tambaya. Amma da muka tsaya a ƙoli, ya cire hula, gashinsa jiƙe sharkaf, ya kama hannuna mai warin mai ya riƙe a gaban duk masu agogo, ba a bayan shagon taya ba.

Sai wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Nonna, ana jin hayaniya a bayanta.

"Venera, ki saurara. Mamanki ta riga ta aika a kira tela. Amma ubanki da Santo sun shige gareji sun kulle ƙofa da kwalbar ruwan inabi, sai ihu muke ji. Ban sani ba ko ranar aure suke yankewa ko junansu. Na dai jiyo Santo yana rantsuwa cewa ranar biki a Kanari za a ɗauki amarya, ubanki kuma ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa. Ki sauko da yaron, amma ki sauko a hankali, ki ba ni lokaci in ɓoye guduma."

Muka kalli juna ni da Saro, muka leƙa titin da ya murɗa ya gangara har cikin gari. Dutsen nan hanya ɗaya gare shi, kuma ta ƙofar garejinmu take wucewa.

"Wa zai tuƙa?" ya tambaya.

Na murza makulli. "Riƙe ƙarfenka, ango."